Gakem da Nsukka, Yulin 1967: Wa Ke Ba Sojan Biyafara Umarni?

Da asubahin Alhamis, 6 ga Yulin 1967, igwar sojan tarayya ta fara aman wuta a kan Gakem, wani ƙaramin gari a ƙasar Ogoja, dab da iyakar Lardin Binuwai da tsohuwar Jihar Gabas. Da wannan aka buɗe yaƙin basasar Nijeriya, wanda dattawanmu a nan Gombe suka fi kira yaƙin Ojukwu. Gwamnatin Yakubu Gowon ta ce aikin 'yan sanda ne kawai, za a shiga Enugu a kamo masu tawaye a dawo cikin 'yan makonni. Wata talatin aka kwashe ana zub da jini.

Labarin yaƙin da ya iso mana daga bakin waɗanda suka je ne: mazan jiya da suka yi yaƙin Bama aka sake kiransu, da 'yan dokan En'e da aka sauya wa kaki, da samarin da suka hau jirgin ƙasa a tashar Gombe suka nufi Zariya ɗaukar horo. Su kan ba da labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da dajin da mutum ba ya hangen taku goma a gabansa. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne su waye ke cikin ramukan da ke ɗaya gefen, yaya aka tsara su, kuma daga bakin wa umarni ke fitowa. Amsar tana da muhimmanci, don a makonnin nan na farko aka ga ciwon da ya bi rundunar Biyafara har kabarinta.

Rundunar ta samo asali ne daga gudun hijira. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari, da ramuwar 29 ga Yuli da ta ci Janar Ironsi da hafsoshin Gabas masu yawa, sai aka yi yarjejeniya a watan Agusta cewa kowane soja ya koma jiharsa ta asali. 'Yan Arewa da ke Bataliya ta 1 a Enugu suka hau jirgin ƙasa da bindigoginsu a kafaɗa. 'Yan Gabas da ke Kaduna da Kano da Zariya da Ibadan kuwa da ransu kawai suka tsira, wasu ba ko takalmi. Laftanar Kanar Alexander Madiebo, wanda ke riƙe da rundunar igwa a Kaduna, a cikin tankin ruwa na jirgin ƙasa ma'aikatan reluwe suka ɓoye shi har ya tsallake gadar Makurɗi. Shi da kansa ya ba da labarin a littafin da ya fitar a 1980. Kashe-kashen Mayu da na Satumba zuwa Oktoban wannan shekara, waɗanda Gombe ma ba ta kuɓuta daga gare su ba, suka hallaka dubban fararen hula, suka kora fiye da mutum miliyan ɗaya zuwa Gabas. Layin dogo bai fi shekara uku da isowa Gombe ba a lokacin, kuma da yawa daga ma'aikatansa da 'yan kasuwar da suka biyo shi ta kansa suka fice.

To, me Enugu ta samu a hannu? Hafsoshi, da yawansu. Kafin 1966 'yan Gabas sun cika matsakaitan muƙamai na soja, kuma su ne suka fi yawa a aikin akawu, da kanikanci, da sadarwa, da sito. Amma sojan ƙasa mai ɗaukar bindiga, da kofur da saje da ke koya wa kurtu yadda zai kwanta in harsashi ya taso, akasarinsu 'yan Arewa ne, musamman Tibi da sauran ƙabilun Binuwai da Filato, da Barebari da Hausawa. Biyafara ta tashi da masu ba da umarni fiye da waɗanda suka iya aiwatar da shi.

Makamai kuma babu. A watan Oktoban 1966 wani jirgin sama ɗauke da bindigogi, wanda wani matuƙi mai suna Hank Warton ke ja, ya faɗi kusa da Garwa a Kamaru, asirin sayayyar ya tonu. Abin da ya samu shigowa daga baya ƙananan bindigogi ne, kuma sayen ba a hannun soja yake ba. Fararen hula ne na kusa da Ojukwu, irin su C. C. Mojekwu, ke fita Turai su sayo abin da suka ga dama, hafsoshi su ga kaya sun sauka. Samari kuwa sun yi ta tururuwa, ɗaliban jami'ar Nsukka da 'yan makarantar sakandare da 'yan gudun hijira masu ɗaci a zuciya, har aka rasa inda za a sa su. Da sanduna aka horar da da yawa daga cikinsu. Akwai waɗanda suka isa bakin daga hannu wofi, suna jiran na gaba ya faɗi su ɗauki bindigarsa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne rundunar ba ta wuce mutum 3,000 masu horo ba a ranar da aka fara.

Ga yadda aka shimfiɗa su. Kafin ɓallewar 30 ga Mayun 1967 an ƙara bataliya biyu a kan ta Enugu: ta 7 a Nsukka ƙarƙashin Madiebo, da ta 8 a Fatakwal ƙarƙashin Ogbugo Kalu. Da yaƙi ya ƙarato aka tattara komai cikin birged biyu. Birged ta 51, wadda aka ba Madiebo, ita ke tsare da arewa baki ɗaya: Bataliya ta 1 a Ogoja a hannun Manjo Patrick Amadi, ta 7 a Nsukka, da sabuwar ta 14 a wajen Abakaliki. Birged ta 52, ta Kanar Anthony Eze, aka bar mata kudu da gaɓar teku, daga Fatakwal zuwa Kalaba. A saman su duka akwai kwamandan sojan ƙasa, Hilary Njoku, wanda ya taɓa riƙe Bataliya ta 2 a Ikeja, kuma ya tsere daga Ibadan da raunin harsashi a daren da aka kama Ironsi.

A takarda tsari ne mai kyau, irin wanda aka koya musu a Sandhurst da Teshi. A ƙasa kuwa, tazarar da ke tsakanin Nsukka da Obudu ta kusa kilomita 200, kuma bataliya uku da ba su cika ba aka ce su toshe ta. Ba igwa, ba motar sulke, ba makamin fasa sulke, rediyon sadarwa ƙalilan. Kwamandan birged da ke son sanin halin da gefensa na dama ke ciki sai ya shiga mota ya yi tafiyar sa'o'i, kafin ya dawo gefen hagu ya canza.

Amma babbar matsalar tana Enugu. Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu yana da shekara 33 a lokacin. Ɗan attajirin Nnewi ne, Sir Louis Ojukwu, an haife shi a Zungeru, ya karanta tarihi a Oxford, ya shiga soja a 1957, kuma shi ne kwamandan Bataliya ta 5 a Kano ranar da aka kashe Sardauna. Ya ji Hausa, ya saba da Sarki Ado Bayero. Gwamna ya zama da naɗin Ironsi, amma a cikin hafsoshin da suka taru a Gabas akwai waɗanda suka riga shi sa kaki, irin su Njoku da Philip Effiong. A gefe guda kuma ga masu juyin mulkin Janairu, Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna da sauransu, waɗanda ya buɗe wa ƙofar kurkuku a farkon 1967, mutanen da suka riga suka nuna cewa ba sa jin nauyin harbe na gaba da su. Mutumin da ya ga juyin mulki biyu cikin wata bakwai ba zai yi barci da ido biyu rufe a tsakiyar irin waɗannan ba. Ana iya yi masa uzuri a kan tsoron. Abin da ya gina a kan tsoron ne ya zama bala'i.

Bai yarda wani hafsa ya riƙe dukkan igiyoyi ba. Abinci, da man fetur, da motoci, da tufafi, aka raba su ga hukumomi na farar hula da ke kai rahoto gidan gwamnati. Kwamandan da ke buƙatar lori goma ya kai ɗauki sai ya roƙi wanda ba ya ƙarƙashinsa. Aka kuma kafa rundunar 'yan sa-kai daban, mai shugabanninta, wadda 'yan boko da 'yan siyasa suka fi ƙarfi a ciki, suna zuwa bakin daga da bindigar toka da adda a lokacin da suka so, su janye a lokacin da suka so. Nzeogwu, wanda ya fi kowa suna a wajen kurata, ba a ba shi ko bataliya ɗaya ba, don a watan Afrilu ya faɗa wa ɗan jarida a fili cewa bai yarda da ɓallewa ba. Njoku na ɗauke da sunan kwamanda, amma shi da Ojukwu sun daɗe suna ja-in-ja a kan inda ikon gwamna ya tsaya da inda na soja ya fara.

Mu a ƙasar Gombe ɓallewa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Malam Jibrilla Gaini ya kafa Bormi a kusa da kogin Gongola da da'awar Mahadiyya, ya juya wa Gombe Abba baya, Sarki Zailani ya rasa ransa a 1888 wajen yaƙarsa, sarakunan maƙwabta suka haɗa ƙarfi suka kasa tumɓuke shi, sai da Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Ƙaramin gari ne mai ganuwa, ba a haɗa shi da ƙasa mai mutum miliyoyi. Sai dai a Bormi mai da'awar shi ne mai fita da mayaƙa, ba wanda ke tambayar umarnin wa zai bi. A Enugu wannan tambayar ce ta fi kowace yawa.

A ɗaya gefen, Kanar Muhammadu Shuwa, mutumin Borno, shi ke jagorantar rundunar da ta taso daga Kaduna ta yi sansani a Makurɗi, wadda daga baya ta zama Runduna ta Ɗaya. Ya raba ta biyu: Sule Apollo ya fuskanci Nsukka, Martin Adamu ya fuskanci Ogoja. Cikin ƙananan hafsoshin da ke ɓangaren Ogoja har da wani Laftanar Muhammadu Buhari. Su ma ba wani yawa gare su ba, don sojan Nijeriya duka bai fi 10,000 ba kafin rikicin. Amma suna da abin da ɗaya gefen ba shi da shi: igwa, da motocin sulke samfurin Ferret da Saladin, da tsofaffin sajoji, da sarƙar umarni guda ɗaya daga Legas zuwa ramin ƙarshe.

Mutanen Amadi sun tsaya a Gakem da farko, sun kuma yi ɓarna a sahun gaba na masu kawo hari. Sun haƙa ramuka, sun sare itatuwa sun gicciya a hanya, sun tona rami a kwalta don tare mota. Duk wannan yana aiki ne muddin mutum da mutum ake yi. Da motar sulke ta kunno kai tana feshi, harsashin bindiga na tartsatsi a jikinta yana faɗuwa, sai yaron da bai wuce wata biyu da barin aji ba ya ga abin da ba a gaya masa a filin horo ba. Ga igwa tana sauka daga inda ba ya gani, ba shi da abin mayar da martani. Sojan tarayya suka kuma ɓullo ta Obudu, ya zama bataliya ɗaya na faɗa a fuska biyu. Akwai kuma abin da taswirar Enugu ba ta nuna ba: mutanen Ogoja ba Ibo ba ne, kuma kwana uku kafin ɓallewa, a ranar 27 ga Mayu, Gowon ya ba su Jihar Kudu maso Gabas tare da Kalaba, a rabon jihohi 12 da ya sa mu ma a Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Da yawansu ba su ga dalilin mutuwa saboda Biyafara ba. Ogoja ta faɗi a 12 ga Yuli, aka ja da baya zuwa wajen Abakaliki ana karya gadoji.

Nsukka ta fi ciwo. Garin jami'a ne, cibiyar masu ilmin da suka tsara hujjar ɓallewa, kuma kilomita sittin da 'yan kai ne tsakaninsa da Enugu. Sojan Apollo suka matso ta Okutu da Enugu-Ezike da Obollo Afor, Bataliya ta 7 ta yi ta toshe nan ana ɓullowa can, har albarusai suka yi ƙasa. A 14 ga Yuli garin ya fita daga hannu, malamai da ɗalibai suka watse suka bar littattafai. Hedkwatar Njoku ta kafa wa yankin Nsukka sabuwar Birged ta 53, matakin da ya kamata a ce an ɗauka tun kafin harbin farko. Daga nan faɗan ya koma mararrabar Opi da Obollo Afor, inda Biyafara ta yi ta kai harin ƙwato abin da ta rasa. A nan aka fito da wasu tsofaffin motocin ƙarfe na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da makanikai suka tayar, masu tafiyar hawainiya, masu zafi kamar tanda a ciki, waɗanda sukan mutu a tsakiyar fage. A sama kuma akwai jirgin B-26 guda ɗaya da wani tsohon matuƙin Poland, Jan Zumbach, ke ja, yana jefa bama-bamai a Makurɗi da wasu wurare. Ya tayar da hankali, bai canza komai a ƙasa ba.

A wannan yankin Nzeogwu ya mutu a ƙarshen Yuli, yana jagorantar 'yan sa-kai a wani harin dare, ba tare da wata runduna tasa ta kansa ba. Sojan tarayya suka gane gawar, Gowon ya sa aka kai ta Kaduna, garin da aka haife shi, aka binne da faretin soja. Ɗan'uwan Ojukwu na wajen uwa, Tom Biggar, shi ma a nan ya faɗi, haka mawaƙin Ingilishi Christopher Okigbo bayan 'yan makonni.

Faɗuwar Nsukka ta haifar da abin da ya fi asarar gari muni. An riga an cika kunnen jama'a da cewa babu wani ƙarfi a Afirka baƙar fata da zai iya murƙushe Biyafara, Ojukwu da kansa ya faɗa, rediyon Enugu na maimaitawa. Ba wanda ya gaya musu cewa rumbun makamai fanko ne. Saboda haka da aka ji an ja da baya, bayani ɗaya ne ya shiga kai: an sayar da mu. Kalmar ɗan zagon ƙasa ta cika gari. 'Yan sintiri suka kafa shingaye a kan hanyoyi suna sauke hafsoshin da suka fito daga bakin daga suna caje su, kurtu ya fara duban kyaftin ɗinsa da ido ɗaya, kwamanda ya gwammace ya bar yaransa su ƙare a rami da ya ba da umarnin janyewa a kira shi maci amana. Gidan gwamnati bai kashe wannan wutar ba, don tana kawar da tambayar ina makaman da aka yi alkawari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa masu gidan ne suka tsaga shi da hannunsu.

Abin da ya ba su numfashi shi ne halin Shuwa. Mutum ne da ba ya ɗaga ƙafa sai ya tabbatar da abinci da harsashi sun iso, bayansa kuma a tsare. Legas ta yi ta ƙorafin jinkirinsa, amma sojansa ba su taɓa yin irin asarar da Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammed ta yi daga baya a bakin Kwara ba. Kafin ya gama shiri, Benjamin Adekunle na sojan tarayya ya sauka ta teku ya kama Bonny a 26 ga Yuli, inda Birged ta 52 ta ajiye 'yan tsirarun sojoji a bakin tashar man da ita ce jarin Biyafara.

Martanin Ojukwu ya nuna tsarin nasa ƙarara. A 9 ga Agusta wata sabuwar runduna, Birged ta 101, ta haye gadar Onitsha cikin motocin haya da na ɗaukar kaya, ta mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya cikin yini ɗaya kusan ba harbi. Wanda aka ba ita Victor Banjo ne, Bayarabe, da Ifeajuna a matsayin babban mataimakinsa, kuma kai tsaye yake karɓar umarni daga Ojukwu, hedkwatar Njoku na gefe tana kallo. Dabara ce mai kyau, ta kuma girgiza Legas. Amma Banjo ya tsaya a Benin kwanaki yana musu da Enugu a kan wanda za a naɗa ya riƙe jihar da abin da za a faɗa a rediyo. Kafin ya isa Ore an karya gadoji an tare hanya, Murtala Muhammed ya haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa da duk wanda ya samu, har masu dafa abinci da akawuna, ya koro su. Benin ta koma hannun tarayya a 20 ga Satumba. Wannan korar ce ta ƙare da kisan ɗaruruwan fararen hula maza a Asaba a farkon Oktoba, tabon da ba ya gogewa daga tarihin sojan tarayya.

Kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Benin aka ɗaure Banjo da Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam a Enugu aka harbe su bisa zargin cin amana. Aka tara dubban mutanen ƙauye da adduna a ce su tare igwa. A 4 ga Oktoba sojan Theophilus Danjuma suka shiga Enugu, gwamnatin Biyafara ta koma Umuahia.

Kada a ɗauka sojan nan ragwaye ne. Rundunar da aka ce za ta watse cikin makonni ta hana Murtala haye Kwara har sau uku, ta ƙona ayarin motocinsa a Abagana a ƙarshen Maris 1968, ta ƙwace Owerri a Afrilun 1969, injiniyoyinta suka ƙera nakiyar ogbunigwe suka tace mai a daji. Amma Ojukwu bai sauya salo ba. Ya kafa birged ta musamman a hannun Timothy Onwuatuegwu, ya ba sojan haya Rolf Steiner rundunar kwamando, dukansu suna tsallake hedkwatar soja su kai magana gare shi, su kuma ake fara ba makamai in sun sauka a filin jirgin Uli. A ganina yunwa da rashin makami ne suka kashe Biyafara, amma rabuwar umarni ce ta sa ɗan abin da ke hannu bai yi aikin da zai iya ba, kuma alhakin wannan na wuyan mutum ɗaya.

Njoku an sauke shi a daidai faɗuwar Enugu, ya ƙarasa yaƙin a tsare a hannun gwamnatin da ya yi wa kwamanda. Madiebo ne ya gaje shi, ya riƙe muƙamin har Janairun 1970, ya bi Ojukwu a jirgin da ya tashi daga Uli zuwa Kodebuwa. Philip Effiong, ɗan ƙabilar Ibibiyo, shi aka bar wa ragowar rundunar, shi ne kuma ya miƙa ta ga Gowon a barikin Dodan ranar 15 ga Janairun 1970.